Zaƙami Da Allurar Atrofin: Dafin Da Ke Haukata Yaro, Yake Kuma Ceton Manomi

Da wuya a shiga ƙauye a ƙasar nan tamu ta Arewa a rasa zaƙami. Yana fitowa a kan juji, da bayan katanga, da kangon gida, da gefen garken shanu, ba wanda ya shuka shi, ba kuma mai ba shi ruwa. Furensa fari ne mai kama da bakin kakaki, 'ya'yansa kuwa dunƙulallu ne masu ƙayoyi, cike da ƙananan iri. Wasu na ce masa babba-jibji, wasu haukata-yaro, kuma wannan suna na ƙarshe ya isa shaida cewa kakanninmu sun san halinsa tun ba yau ba. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, irin sinadarin da ke cikin wannan tsiro na kan juji shi ne a cikin wata 'yar kwalbar allura da ba a rasa ta a ɗakin tiyata ko ɗakin taimakon gaggawa na kowane asibitin kirki. Sunan allurar atrofin.

'Yan'uwa masu karatu, mun ɗauko wannan zance ne saboda marasa lafiya iri biyu da ma'aikatan asibiti ke yawan karɓa, waɗanda kuma iyalansu kan ɓata lokaci a gida kafin su kawo su. Na farko manomi ne da ya yi feshin maganin ƙwari a gonar wake ko ta tumatir, babu safar hannu babu abin rufe hanci, ko kuwa yaron da ya tarar da piya-piya a kwalbar lemo ya kurɓa. Wannan a jiƙe sharkaf ake kawo shi. Gumi na zuba, yawu na dalala, ga hawaye, ga amai da zawo, ƙirji na ƙara kamar ana tafasa ruwa a ciki, bugun zuciya ya ragu, 'yar ƙofar nan ta tsakiyar baƙin ido da haske ke shiga ta cikinta ta tsuke kamar kan allura. Na biyu saurayi ne da abokai suka zuba wa zaƙami a zoɓo ko kunu a wurin biki. Shi kuma a bushe ake kawo shi. Baki ya bushe ƙayau, jiki zafi zau amma ko ɗigon gumi babu, ƙofar ido ta buɗe wangale, zuciya na gudu, fitsari ya ƙi fita, yana ta surutai yana tsintar abin da ba mai gani sai shi. Duk abin da aka gani a jikin ɗaya, kishiyarsa ce a jikin ɗayan. Abin da ya jefa saurayin cikin wannan hali kuwa, shi ne likita zai ɗura wa manomin a jijiyar jini domin ya rayu.

Ɗan aike da mai shara

Kafin a gane wannan al'amari sai an san yadda jiki ke aika saƙo. Akwai ayyukan da jikinmu ke yi ba tare da mun sa shi ba: fitar da yawu, narkar da abinci, rage bugun zuciya idan muna hutawa, matse mafitsara, tsuke ƙofar ido idan mun fita rana. Jijiyoyin saƙo ne ke ba da umarnin duk waɗannan, amma jijiyar ba ta taɓa gaɓar da take yi wa magana. Akwai ɗan rata tsakaninsu, sai ta saki wani sinadari mai suna asitilkolin ya tsallaka. Shi ne ɗan aike. Idan ya isa sai ya shiga wani gurbi da aka yi daidai da shi, kamar mabuɗi da kwaɗonsa, gaɓar ta yi abin da aka ce. Nan take kuma wani sinadarin, wanda za mu kira mai shara, ya farfasa ɗan aiken ya kawar da shi, domin kada saƙo ɗaya ya yi ta maimaituwa.

Wani masani mai suna Otto Loewi ne ya tabbatar da haka a birnin Graz na ƙasar Ostiriya a shekarar 1921, da zukatan kwaɗi guda biyu. Ya motsa jijiyar zuciya ta farko har bugunta ya ragu, sa'an nan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage gudu alhali ba a taɓa ta ba. Shi da Henry Dale na Ingila suka raba kyautar Nobel a 1936 saboda wannan aiki.

To, atrofin mabuɗi ne da ke shiga kwaɗo amma ba ya buɗewa. Sai ya zauna a ciki ya tare gurbin, ɗan aike ya zo ya rasa wurin shiga. Shi ya sa yawu ke ƙafewa, gumi ya tsaya, hanji ya yi shiru, zuciya ta kuɓuce wa birkinta. Wannan aikin ne ya sa ake kiran dukan dangin magungunan nan masu tare asitilkolin. Piya-piya da 'yan'uwansa kuwa, wato magungunan ƙwari na dangin oganofosfet, mai shara suke kashewa. Ɗan aike sai ya taru ya yi cunkoso, yana ta buga ƙofa babu ƙaƙƙautawa, har huhun mutum ya cika da ruwan jikinsa ya shaƙe shi. Idan aka yi masa allurar atrofin sai ƙofofin su rufu, ƙirji ya bushe, numfashi ya samu hanya.

Abin lura a nan shi ne yawan da ake bayarwa. Mutumin da zuciyarsa ta rage gudu a ɗakin tiyata, rabin miligiram zuwa miligiram ɗaya kan ishe shi. Wanda ya sha maganin ƙwari kuwa, likita kan fara da miligiram ɗaya zuwa uku, ya riƙa ninkawa duk bayan minti biyar yana sauraron ƙirji har sai ya bushe, wani lokaci a ƙarar da kwalabe gommai a kan mutum ɗaya. Adadin da zai haukata mai lafiya, shi ke riƙe ran wannan. Duk da haka atrofin ba ya gyara komai da komai. Akwai wasu gurabe na asitilkolin a jikin tsokar nama waɗanda bai dace da su ba, saboda haka tsokar numfashi na iya gazawa ko da ƙirji ya bushe. Shi ya sa akan haɗa da wata allura mai suna firalidokzim, wasu kuma sai an sa musu na'urar numfashi. Ba aikin kemis na unguwa ba ne.

Daga ina aka samo shi?

Zaƙami ɗan gida ɗaya ne da tumatir, da barkono, da gauta, da dankalin Turawa, da taba. A ƙasashen Turai yana da ɗan'uwa mai suna beladona, kalmar da a harshen Italiya ke nufin kyakkyawar mace, domin an ce matan can a da sukan ɗiga ruwansa a ido don ƙofar idon ta buɗe su ƙara kyau. Masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa masa suna Atropa a 1753, daga sunan wata tsohuwa a tatsuniyoyin Helenawa wadda aikinta shi ne yanke zaren ran mutum. Daga nan sunan atrofin ya fito.

A 1819 wani matashi Bajamushe mai suna Runge ya nuna wa shahararren marubucin nan Goethe yadda ɗigon ruwan irin waɗannan tsirrai ke buɗe idon kyanwa. Goethe ya ji daɗi ya ba shi kyautar 'ya'yan kofi ya ce ya bincika, a ciki kuwa ya gano kafeyin, sinadarin nan da ke hana mai cin goro barci. Wani mai haɗa magunguna, shi ma Bajamushe, mai suna Mein, ya tace atrofin tsantsarsa daga saiwar beladona a 1831, sa'an nan Richard Willstätter ya haɗa shi a ɗakin bincike a 1901 ba tare da tsiro ba.

Irin waɗannan sinadarai ana kiransu alkaloyid. Duk suna da naitrojin a jikinsu, yawancinsu masu ɗaci ne, kuma tsiro na yin su ne don kare kansa daga ƙwari da dabbobi. Kwinin na zazzaɓi, da nikotin na taba, da mofin na rage zogi, duk alkaloyid ne. Zaƙami a saiwarsa yake haɗa nasa, ya tura su ganye da fure da iri. Ƙwayar atrofin guda ɗaya ta ƙunshi kabon 17, haidrojin 23, naitrojin 1, da oksijin 3, kuma gida biyu ce da aka ɗinke: wani zobe mai ɗauke da naitrojin da ake kira turofin, da wani asid mai suna turofik. Wannan naitrojin da wannan ɗinki su ne suka sa ya yi kama da asitilkolin har ya shiga gurbinsa, girman jikinsa kuma ya hana shi juyawa ya buɗe.

Akwai wani abin mamaki. Abin da tsiron ke yi ba atrofin ba ne kai tsaye, hayosayamin ne. Wannan ƙwaya tana iya zuwa a siga biyu, kamar hannun hagu da na dama: yatsu iri ɗaya, amma safar wannan ba ta shiga wancan. Tsiro na hagu kaɗai yake yi, kuma kusan dukan ƙarfin maganin a na hagun yake. Wajen tacewa ne rabinsa ke juyewa ya koma na dama, wannan gaurayen na rabi da rabi shi ake kira atrofin. Ke nan rabin abin da ke cikin kwalbar allurar ɗan rakiya ne kawai.

Ɗan'uwansa na kusa shi ne hayosin, wanda wasu ke kira sikofolamin. Bambancinsu oksijin ɗaya ne da ya ƙaru, haidrojin biyu suka ragu, amma wannan ɗan bambanci ya sa hayosin ya fi saurin shiga ƙwaƙwalwa, yana kawo gyangyaɗi da ruɗewa da mantuwa. Irin zaƙamin da ya fi yawa a wurarenmu kuwa hayosin ne ya fi yawa a cikinsa. Shi ya sa saurayin kan farka bayan kwana ɗaya ko biyu bai san abin da ya yi ba, ko da ya tuɓe tsirara a tsakar kasuwa. A 1676 wasu sojojin Ingila a garin Jamestown na Amurka sun dafa ganyen wani irin zaƙami sun ci, suka yi kwana goma sha ɗaya suna shirme, da suka dawo hayyacinsu ba wanda ya tuna komai.

Masu haɗa magunguna sun yi dabarar raba amfanin da haukan. Ƙwaƙwalwa tana da shinge wanda ba ya barin sinadari mai ɗauke da cajin lantarki ya wuce. Sai suka liƙa wa naitrojin ɗin hayosin wani ɗan reshe mai kabon huɗu, ya zama yana da caji na dindindin. Wannan shi ne Buscopan da ake sha don murɗar ciki, wanda ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1950. Yana sassauta hanji amma ba ya hawa kai. Haka aka yi wa atrofin aka sami ifiratirofiyom, wanda masu asma da ciwon huhu ke shaƙa. Tun farkon ƙarni na 19 Turawa suka koyi shan hayaƙin ganyen zaƙami don asma daga mutanen Indiya, har sigarinsa aka riƙa sayarwa, an daina ne da aka sami abin da ke buɗe ƙirji ba tare da taɓa hankali ba. Yawancin hayosin na masana'antu kuma ba daga zaƙami ake samunsa ba, daga wani itace ne mai suna Duboisia da ake nomawa a jihar Queensland ta Ostareliya.

Waken Kalaba

Makarin zaƙami kuwa daga ƙasarmu ya fito, ko da yake tarihinsa ba mai daɗi ba ne. A Kalaba akwai wani wake mai yaɗo wanda mutanen Efik ke kira esere. A da, wanda aka zarga da maita sai a daka waken a ba shi ya sha. In ya amayar an wanke shi, in ya mutu laifi ya tabbata. Bayin Allah da yawa sun tafi a banza ta wannan hanya. 'Yan mishan na ƙasar Sikotlan da suka sauka Kalaba a 1846 ƙarƙashin Hope Waddell sun yi ta yaƙi da wannan al'ada, suka kuma aika da waken zuwa jami'ar Edinbara. A can wani farfesa mai suna Christison ya ci ɗan gutsure a 1855 don ya gwada, da ƙyar ya sha. Ɗalibin likita Thomas Fraser ya lura cewa waken yana tsuke ƙofar ido, wato kishiyar aikin beladona, a 1864 kuma aka tace sinadarinsa aka sa masa suna fisostigmin. A wannan shekarar wani likita a birnin Prague mai suna Kleinwächter ya yi amfani da ruwan waken ya farfaɗo da wani fursuna da ya sha atrofin yana zaton barasa ce.

Fisostigmin mai shara yake dakatarwa, kamar dai piya-piya, amma na ɗan lokaci kaɗan. Ɗan aike sai ya yi yawa har ya ture atrofin daga gurbi. Daga gare shi aka kwaikwayi niyostigmin, wanda har yau a ƙarshen tiyata akan haɗa shi da atrofin ko ɗan'uwansa a yi wa majiyyaci, ɗaya ya tashi tsokar da aka kwantar, ɗayan ya hana zuciya rage gudu. Fisostigmin kansa ba kowane asibiti ke da shi ba, saboda haka wanda ya sha zaƙami yawanci da maganin kwantar da hankali ake jinyarsa, da ƙarin ruwa, da sanyaya jiki, da robar fitsari, har dafin ya fita.

Ido, tsofaffi, da kemis na unguwa

Bayan tiyata da maganin ƙwari, inda aka fi haɗuwa da atrofin shi ne asibitin ido. Ana ɗiga shi don huta da ido mai kumburin ciki, da auna wa yara tabarau, da horar da idon yaro mai rauni ta hanyar dushe mai ƙarfin. Ɗigo ɗaya na iya barin ido a buɗe, gani dishi-dishi, har mako ɗaya ko biyu, abin da ke firgita iyaye idan ba a gaya musu ba. Kwalbar nan 'yar ƙarama ce amma abin da ke cikinta ya isa ya kwantar da yaro in ya sha, saboda haka a ajiye ta nesa. Kada kuma a ara wa maƙwabci don idonsa ya yi ja. Akwai wani nau'in hawan ruwan ido, wato gilokoma, wanda ɗigon atrofin kan tayar da shi farat ɗaya har mutum ya rasa ganinsa. Hayosin kuma ana yin sa a ɗan manne da ake liƙawa a bayan kunne na kwana uku don hana jiri da amai a tafiyar mota ko jirgin ruwa.

Dattawanmu su ne suka fi shiga haɗari, sau da yawa ba tare da sun sani ba, domin akwai magungunan da ba daga tsiro suke ba amma suna tare asitilkolin. Piriton da Phenergan da magungunan mura da yawa suna ciki. Tsohon da ƙabar mafitsararsa ta kumbura, in ya sha su fitsarinsa na iya tsayawa cak. Tsohuwa na iya ruɗewa ta kasa gane jikokinta, a ce tsufa ne ko an yi mata asiri, alhali ƙwayoyi uku ne daga kemis suka taru. A watannin Maris da Afrilu kuma, maganin da ke hana gumi ba abin wasa ba ne. Ƙwayar Exol da wasu matasa ke sha don maye ita ma 'yar wannan dangi ce, an yi ta ne don masu ciwon karkarwa, kuma shirmen da take sa su irin na zaƙami ne. Buscopan ma muna ganin an mai da shi kamar gyaɗa. Ciwon ciki mai tafe da zazzaɓi, ko amai ba tsayawa, ko kumburi da rashin bayan gida, ba nasa ba ne, na likita ne.

Wani zai ce, tun da maganin a bayan gidanmu yake, me zai hana mu dafa ganyen mu huta da kuɗin asibiti? Amsar ita ce awo. Kwalbar allura an rubuta abin da ke cikinta daidai. Tsiro kuwa ba ya rubutu. Ƙarfin dafinsa ya danganta da ƙasar da ya fito, da ruwan da ya samu, da shekarunsa, da ɓangaren da aka tsinka, har tsiro biyu a juji ɗaya ba sa zama daidai. Tafasa shi ma ba ta kashe dafin. A watan Maris na 2019 a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda, kusan mutum ɗari uku sun kwanta, biyar suka rasu, bayan sun sha kunun garin agaji wanda irin zaƙami ya gauraya da waken soyan da aka yi shi da shi. Masu noman soya da riɗi da dawa, sai a tuge zaƙami daga gona da masussuka kafin girbi.

Idan har abin ya faru, ga abin da muke roƙon iyalai. Yaron da ya fara surutai, jiki zafi a bushe, ido a buɗe, kada a ɗaure shi da igiya ana duka, kada a kulle shi a ɗaki mai zafi ana jiran iska ta sauka. A rage masa tufafi, a shafa masa ruwan sanyi, a kai shi asibiti, abokansa kuma su faɗi gaskiyar abin da ya sha. Wanda maganin ƙwari ya kama, a fitar da shi inda iska take, a tuɓe masa kayan feshin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, mai wankewar ya kare hannunsa. A kwantar da shi a gefensa na hagu. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, domin abin da ya dawo zai iya faɗawa huhu. Sai a ɗauki kwalbar ko ledar maganin a tafi da ita. Ba kowane maganin gona atrofin ke karyawa ba. Magungunan kashe ciyawa irin su farakwat da gilayifoset ba ruwansu da shi, kuma rubutun da ke jikin kwalbar shi zai gaya wa likita ko ya buɗe akwatin atrofin ko ya nemi wata hanya.